Ranar da Elkana Ya Mayar da Kusoshi

Mun binne Elkana a Duvu a tsakiyar daminar da ta wuce. Ruwan safiyar ranar ya ɓata hanya, mashin ya kai mu inda zai iya, sauran muka taka da ƙafa, ana karɓa-karɓa da akwatin gawar. Ciwon hanta ne, bai daɗe a kwance ba. Tun daga lokacin nake son in rubuta wani abu a kansa, amma duk sanda na zauna sai in rasa ta inda zan kama. Ni Kalibu ne, tela. Karatuna bai yi nisa ba, don haka abin da na gani da idona kawai zan faɗa.

Ni mutumin Michika ne, shi ɗan Duvu. A Mubi muka haɗu muna samari, ina koyon ɗinki, shi yana koyon gyaran injin niƙa a rumfar da ke jikin tamu. Ba na jin yarensa Gude, ba ya jin nawa Kamwe, sai Hausa ta haɗa mu, irin tamu ta Mubi. Kwano ɗaya muke ci da rana. Ni na ɗinka masa rigar aurensa da Christy, shi ya riƙe ɗana na fari ranar da aka kai shi coci. Lokacin da 'yan bindiga suka shigo aka gudu daga gari a 2014, tare muka hau dutse da iyalanmu, tare muka dawo muka tarar da rumfunanmu babu ko allura, babu ko sifana. Ni na zauna na yi kuka. Shi ya zagaya rumfarsa, ya tsinci guntun ƙarfe, ya ce wannan zai yi sukudireba idan aka goga shi.

Haka yake. Bai yarda akwai abin da ya lalace har abada ba, kuma bai yarda wani ya fi shi sanin abin da ke gidansa ba. Shi ke gyara ƙofarsa, shi ke gyara rediyonsa, shi ke gyara keken ɗinkina ko ban roƙe shi ba. Akwai lokacin da haƙori ya dame shi har ya fara neman filaya, sai da Christy ta ɓoye ta a cikin buhun wake. Idan ka ce masa a kai wa masu abin, sai ya dube ka ya ce, "Mutum ne ya haɗa shi, Kalibu, ba mala'ika ba."

Aikinsa na gaske shi ne injin niƙa, da janareta, da injin ban ruwa na masu lambu a bakin mayo, wato rafi. Daga Digil har Mugulbu an san shi. Kuma hanyarsa ɗaya ce. Da ya isa, kafin ya ajiye jaka, zai ce, "A tayar min in ji." Sai ya ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya manna mariƙinta a kunnensa, ya rufe ido. In bai ji sosai ba ya ce a kashe, a sake tayarwa. Wani lokaci sai an tayar har mai injin ya gaji. Daga nan ya faɗi inda ciwon yake, ya kwance, ya jera ƙarafa a kan buhu, ya wanke kowanne a kwanon fetur da tsohon buroshin haƙori, ya mayar. Injinan da ya tayar ta wannan hanya ba su da iyaka. Ban taɓa jin wanda ya ce Elkana ya cuce shi ba.

Kwamfutar ta shigo gidansa bayan dawowarmu. Wani surukinsa ne ya rufe shagon buga takardu zai koma Yola, ya bar masa ita. Tsohuwa ce, irin mai akwati a ƙasa da allo a kan tebur. Elkana ya ce don yara ya karɓa, amma shi ya fi kowa zama a gabanta. 'Yarsa ta fari, Purity, ta koya masa yadda ake kwashe abu daga waya a zuba a ciki. Tun daga nan duk waƙar da mawaƙan cocinsu suka yi, duk hoton biki, duk hoton jariri, ciki suke tafiya. Da ya zuba sai ya goge na waya don ya sami wuri. Bai taɓa ce mata kwamfuta ba. Inji yake cewa.

Ranar da ta fara ƙin tashi ina wurin. Purity ta ce a kai wa masu gyara. Ya ce a kawo masa sukudireba. Ya fara daga bango, ya gwada soket da fitila, ya canza waya da ta rediyo, ya ga ba nan ba ne. Ya buɗe gefen akwatin, ya leƙa da tocila, sai ya fashe da dariya. Zanzaro ne ya gina gida a jikin fanka, ya toshe ta ƙam da laka. Ya zare wayar wuta, ya sa tsinken tsintsiya ya rushe ginin, ya hura da famfon tayar keke. Da ya kunna, ta tashi. Ya juya ya dubi Christy.

"Maman Purity, kin ga?"

"Na gani, Injiniya," in ji ta. "Sai a faɗa wa zanzaro ya biya kuɗin haya."

Karo na biyu ƙara ta riƙa yi kamar agogon ƙararrawa, allo baƙi. Wannan karon ya yarda Purity ta nemo bidiyo a waya tana fassara masa. Suka zare wasu siraran faranti guda biyu daga ciki, ya goge bakinsu da abin goge fensir, ya mayar har suka yi ƙas. Ta sake tashi. Daga baya ta riƙa manta kwanan wata, ya gano ɗan batir ne irin na agogo, ya canza. Kafin ka ce me, maƙwabta sun fara kawo masa nasu. Yawanci waya ce ta saki, ko ƙura ta cika fanka, ko tsaka ta mutu a ciki. Yana gyarawa, ba ya karɓar komai sai godiya, kuma godiyar tana masa daɗi ƙwarai. Ina faɗin wannan don kada a ɗauka mutum ne mai ɓata abu. Abin da idonsa ya gani, hannunsa ya kai, yana gyarawa da kyau.

A cikin duk abin da ke kwamfutar, ɗaya ne ya fi masa komai. Mahaifiyarsa, Kaka Roda, mai waƙa ce. A danginsu idan za a raka amarya, tsohuwar gida ce ke mata waƙa, ta kira sunayen matan da suka haife ta tun daga can baya, sannan ta ƙara nata maganar ga yarinyar. Kaka Roda ta yi wa 'ya'yan mutane da yawa. Da ta ji jiki ya fara ƙi, wata Lahadi da muka je gaishe ta a Duvu, ta ce wa Elkana ya kawo wayarsa. Tana zaune a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Ta ce ba za ta ga auren Purity ba, amma ba za ta bari a raka jikarta shiru ba. A lokacin Purity tana makaranta, ko saurayi ba mu san tana da shi ba. Tsohuwar ta yi waƙar daga farko har ƙarshe, hannunta bai daina ɓarar gyaɗa ba. Ban ji ko kalma ɗaya ba tunda da Gude ne, amma gashin jikina ya tashi. Ta ce kada Purity ta ji sai ranar. Elkana ya zuba a kwamfuta, ya sa mata suna MAMA, ya goge ta waya kamar yadda ya saba. Kaka Roda ta rasu da kakar shekarar.

Shekaru suka wuce, Purity ta kawo Alex gida, aka sa rana. Ni aka ba ɗinkin anko, saboda haka kusan kullum ina gidan da awo ko gwaji. Saura 'yan makonni, sai kwamfutar ta fara wani abu da ba ta taɓa yi ba. Idan aka kunna sai a ji ƙas, ƙas, ƙas daga ciki, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a gilashi. Ta daɗe kafin ta buɗe. Wani lokaci ta buɗe, wani lokaci ta tsaya a hanya.

Elkana ya yi abin da ya iya. Ya duba wuta, ya hura ƙura, ya goge farantan nan. Ƙarar tana nan. Sai ya ɗauko doguwar sukudirebarsa, ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya da kunne, har ya tsaya a kan wani ɗan akwatin ƙarfe mai girman tafin hannu. A nan kwamfuta ke ajiye duk abin da aka zuba mata. Shi rumbu yake ce masa.

"Ga shi nan," ya ce min. "Wani abu ne ya saki a cikin rumbu. Kashe, ka sake tayar min."

Na kashe, na kunna. Ya saurara. Ya ce a sake. A kwanakin farko takan buɗe har mu ga sunan MAMA a allo da idonmu. Ba wanda ya yi tunanin a kwashe waƙar a lokacin. Shi a saninsa, inji ake fara gyarawa, sannan a yi maganar abin da ke cikinsa. Ni kuma na saba in ga ya gyara. Haka ya yi ta tayarwa yana saurara, safe da yamma, har ranar da ta daina buɗewa gaba ɗaya, sai ƙarar kawai.

Wata Asabar da rana na kawo rigar Christy ta gwada, na tarar da shi a tsakar gida ya shimfiɗa buhu. Ya ciro rumbun ya ajiye a kai. Ga kwanon fetur, ga buroshi. Kusoshin rumbun masu kan tauraro ne, babu sukudirebarsu a jakarsa, don haka ya kwana biyu yana goga wata da zarto har ta shiga daidai. Ya nuna min ita yana murmushi.

Christy ta fito da rigar a hannu, ta tsaya.

"Baban Purity, me za ka yi da fetur?"

"Wanki."

"Mama tana cikin abin nan."

"Shi ya sa zan wanke da kyau."

"In ka kashe ta sau biyu, kai za ka tsaya gaban yarinyar nan ka yi waƙar, da wannan muryar taka ta injin niƙa."

Ya yi dariya, amma ban ji dariyar ta kai ciki ba. Na ce masa, "Mutumina, akwai yarinyar nan Habibat mai gyaran kwamfuta a layin masu waya. Kowa yana yabonta."

"Habibat da na sani tana yawo ba takalmi a lambun babanta? Zauna, Kalibu. Riƙe min kusoshi."

Na zauna, na buɗe tafin hannu. Ya kwance ta farko ya sa min, ya kwance ta biyu. Haka har ya gama da waɗanda ake gani. Ya sa farce zai ɗaga murfin, murfin ya ƙi. Ya juya abin, ya duba, ya shafa babban yatsansa a kan takardar da aka manna a bayan murfin. Sai yatsan ya tsaya. Akwai wata kusa a ƙarƙashin takardar, an ɓoye ta. Ya bi gefen murfin da ido, ya ga an liƙe shi zagaye, ko iska ba ta shiga yadda ta ga dama.

Ya ɗaga kai ya dubi tsakar gidan. Kaji suna ta yawo kusa da buhun, iska tana ɗauko ɓawon gyaɗa da ƙasa daga bakin murhu. Na ga ya bi ƙasar da kallo.

"Kalibu," ya ce, "wannan injekta ne."

Na san abin da yake nufi. A duk injin gas akwai wani famfo da ke auna mai yana fesawa, shi suke kira injekta. Shi kaɗai ne abin da Elkana bai taɓa kwancewa ba a rayuwarsa. In ya lalace, cire shi yake ɗungum, ya naɗe a ƙyalle mai tsabta, ya ba direba ya kai Yola wurin wani mutum mai ɗaki na musamman da na'urar gwaji. Ba ya son yawan maganar, amma haka yake yi. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga, an gama. Na sha jin yana faɗa da masu injin niƙa da suka buɗe nasu a kan buhu, yana ce musu sun mayar da ciwon kai ya zama gawa.

"Wanda ya ɓoye kusa a ƙarƙashin takarda ba wasa yake ba," ya ce. "Ba ni."

Na miƙa masa tafin hannuna. Ya mayar da kusoshin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kowace a raminta. Ya tura kwanon fetur gefe da ƙafa. Ya ce in ba shi ƙyalle mai tsabta. Na ciro ragowar yadin anko daga jakata, ya naɗe rumbun a ciki, ya sa a aljihun gaba. Christy ta koma ɗaki gwada rigarta.

Muka hau keke napep zuwa shagon Habibat. Ɗan ƙaramin shago ne, tebur ɗaya, kwamfutoci a jere a kan kanta. Babanta mai lambu ne, Elkana ya yi shekaru yana gyara masa injin ban ruwa. Ta yi karatun aikin a nan Mubi, ta buɗe wurinta. Da ta gan mu ta miƙe.

"Baba Elkana, yau kai ne a shagona? Ko hanya ce ta ɓace?"

"Mara lafiya na kawo miki, 'yata."

Ya kwance ƙyallen. Ta ɗauki rumbun, ta kai kusa da hanci.

"Fetur nake ji."

"Hannuna ne. Bai taɓa shi ba."

Ta juya shi a haske, ta ga kan kusoshin sun ƙoƙƙarje. "Wa ya taɓa waɗannan?"

"Kalibu."

"Baba, tela ba ya goga sukudireba da zarto. An ɗaga murfin?"

"Ba a ɗaga ba."

"To, Alhamdulillahi. Da an ɗaga, da sai dai in ba ku ruwa ku sha ku koma. Bayan ya fara ƙara, an sake kunna shi?"

"Ai dole in ji."

"Da yawa?"

Ya dube ni. Na dubi kwamfutocin da ke jere.

Ta ja kujera ta ba shi, ta zauna a gabansa. Ta ce a cikin abin akwai faranti mai sheƙi kamar madubi yana juyawa da gudu, da wata 'yar allura tana shawagi a samansa ba ta taɓa shi. Ƙarar da muke ji, allurar ce ta raunana tana nema tana komawa. Duk kunnawa ɗaya tana iya gogar farantin ta kankare abin da ke kai. "Kamar injin da baƙin mai ya ƙare masa, Baba, kana ta tayarwa don ka ji inda yake ƙara."

Bai buƙaci ƙarin bayani ba. Na ga hannunsa ya sauka a kan gwiwa.

Ta tambaya ko akwai wani wurin da aka ajiye abin da ke ciki. Ya ce babu. Wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da mutuwa, kuma ya goge tun lokacin. Ta ce ita ma ba za ta buɗe murfin ba, masu buɗewa suna can manyan birane da ɗakin da ƙura ba ta shiga, kuma ko an aika ba za a dawo kafin biki ba. Abin da za ta iya shi ne ta haɗa shi da tata kwamfutar, ta riƙa jawo abin da ke ciki sannu sannu, tana tsallake inda ya lalace. Watakila dama ɗaya zai ba su, watakila ma ba zai bayar ba.

"Me kake so ya fara fita?"

"Mama," ya ce. "Sauran in sun tafi, sun tafi."

Matsala ɗaya ta rage. Ta ce in wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, dole a sake kunna shi, kuma ba ta san ko zai sake tashi ba. Batirinta ya tsufa, ba ta yarda da shi ba. A nan ne na ga fuskar abokina ta dawo.

"Wuta? Bar min wuta."

Litinin da safe ya kawo janaretarsa da kansa. Ya canza mai, ya wanke fulogi, ya tace fetur da ƙyalle. Ya kafa ta a bayan shagon, ya zauna a kan bulo kusa da ita, jarka a gefe. Habibat tana ciki tana kallon allo, shi yana waje yana sauraron inji. Na kai musu ƙosai da kunu, bai ko taɓa nasa ba. In ya ji muryar janaretar ta ɗan canza sai ya miƙa hannu ya daidaita. Lokaci lokaci ya ɗaga murya ta taga, "'Yata, yaya mara lafiya?" Ita kuma ta ce, "Yana numfashi, Baba. Kai dai kula da naka." Daga safe har la'asar wutar ba ta ko ƙifta ba.

Wajen la'asar ƙarar rumbun ta canza, sannan ya yi shiru gaba ɗaya. Habibat ta fito ta ce ya shigo. Hotunan sun tafi, sai kaɗan. Waƙoƙin coci ma haka. Waƙar Kaka Roda ta fito, amma ba duka ba. Ta kunna mana. Sai ga kukan kaji, ga ƙarar ɓawon gyaɗa, ga muryar tsohuwar kamar tana bayan ƙofa. Elkana ya cire hula. Waƙar ta tafi, ta wuce rabi, sai ta yanke a tsakiyar kalma.

"Ni na cinye sauran," ya ce.

"Ba lalle ba ne, Baba. Watakila tun farko wurin ya lalace."

"A'a. Ranar farko na ga sunanta a allo, na tsaya ina sauraron ƙarfe." Ya mayar da hularsa. "Zuba min a wuri uku. Ɗaya a nan wurinki."

Bai zauna yana juyayi ba. Washegari ya hau mashin zuwa Mugulbu wurin ƙanwar Kaka Roda, wadda ita ma ta tsufa sosai, ya kunna mata. Ta ce sunayen matan da suka rage ta san su, tunda uwarsu ɗaya. Amma maganar da Roda ta yi wa Purity a ƙarshe, wannan ta tafi da mai ita. In ana so, za ta sa tata. Ya ce ana so. Christy ta ba da shawara a rage sautin a hankali kafin wurin yankewar don kada mutane su lura. Elkana ya ce a bar shi yadda yake, yarinyar ta san iya abin da kakarta ta samu ta faɗa mata.

Bayan wannan bai daina gyara wa maƙwabta kwamfuta ba, har kwanciyarsa. Fanka, waya, batir, duk yana yi da ƙarfin gwiwarsa na da. Sai dai kafin ya ɗauki sukudireba yakan tambaya me ke ciki, kuma ko an kwashe. In ya ji ƙas ƙas, hannunsa na kan soket kafin mai abin ya gama gaisuwa. "Wannan na Habibat ne," zai ce. "Kada ka sake kunnawa, ko fasto ne ya ce ka kunna."

Ranar rakiyar amarya aka kafa rumfa a ƙofar gidansa. Matan Duvu da Mugulbu sun cika gefe ɗaya, 'yan Zumuntar Mata da ankonsu a ɗaya gefen. Habibat ta zo da mahaifiyarta, ita ce ta riƙe wayar da aka haɗa da lasifika. Aka zaunar da Purity a tsakiya, ba ta san abin da ke zuwa ba. Mai gabatarwa ya ce a yi shiru, akwai wadda za ta yi magana.

Da kukan kajin ya fito daga lasifika mutane suka fara dariya. Da muryar ta biyo baya dariyar ta tsaya. Purity ta ɗaga kai, ta dubi uwarta, ta sa hannu biyu ta rufe baki. Tsofaffin suna gyaɗa kai duk sanda aka kira sunan wata da suka sani. Sai waƙar ta yanke.

Tsohuwar Mugulbu ta dafa sandarta ta miƙe, ta kama daga kalmar da aka bari. Muryarta ba ta kai ta yayarta ba, ta shaƙe, kuma ta tsallake suna ɗaya. Wata tsohuwa daga baya ta gyara mata da ƙarfi. Ta juya ta harare ta, ta ce wani abu da Gude wanda ya sa matan suka kwashe da dariya, sannan ta koma ta sa sunan. Da ta zo nata maganar ta matso ta dafa kan Purity, ta yi ta a hankali, sauran matan suna amsawa. Purity tana kuka tana dariya, kwalliyar da aka daɗe ana yi mata duk ta zube a kan rigar da na ɗinka.

Na duba ko'ina ban ga Elkana ba. Na zagaya bayan gida, na same shi a tsugune gaban janareta cikin sabuwar babbar rigarsa, ya naɗe hannuwanta har kafaɗa, tafinsa ɗaya a kan tanki. Tun kafin a fara ya ce ba zai bar wa kowa wutar ba. Ƙarar injin ta cika wurin, ba a jin komai daga rumfa.

Ya ɗago ya gan ni. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Waƙar ta fita?"

"Ta fita."

"Yarinyar ta ji?"

"Ta ji, mutumina. Kowa ya ji."

Ya gyaɗa kai. Ya goge ido da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatunsa. Na ce ya je ya ga 'yarsa, ni zan zauna da injin. Ya dube ni, ya dubi janaretar, ya nuna min inda zan taɓa in ta fara tari da inda ba zan taɓa ba ko me ya faru. Sannan ya sauke hannun rigarsa ya tafi rumfa, ni na zauna a kan bulon.